Matatar iskar babur a hanyoyin Legas: wanki, sa mai da sauyi

Duk mai neman abincinsa da babur a Legas ya san aikin ya sauya tun 2022. A ranar 1 ga Yunin shekarar gwamnatin jihar ta hana okada a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, sannan a 1 ga Satumba ta ƙara da Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Mu da ba mu koma gida ba, ba mu kuma sayar da baburan ba, sai muka gangara lungunan Agege, da Ayobo da Igando, da cikin Ikorodu, da Ojo har zuwa hanyar Badagry. Yawancin waɗannan layukan ba su san kwalta ba. Da rani jar ƙasa ce ke tashi bayan kowace tifa, da damina kuma kududdufi ne har gwiwa. Babur ɗin da a da yake shaƙar hayaƙin titi kawai, yau ƙasa yake shaƙa. Shi ya sa nake son mu zauna, ƙanena, mu yi maganar wani ɗan soso da ke ɓoye a ƙarƙashin kujerarka, wanda makanikai ke ce wa iya-kilina, wato matatar iska.

Abin da ya sa na damu da shi, ya taɓa cin kuɗina. Shekarun baya na kai Boxer ɗina sabis a wani gareji, yaron da ya yi aikin ya wanke soson da fetur ya mayar da shi a bushe, bai kuma zaunar da shi daidai ba. Ban duba ba. Hunturu ɗaya babur ya fara shan baƙin mai, yana fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi. Da aka sauke inji, fistin da ringi duk sun cinye, cikin bulok ya yi zane kamar an goga masa yashi. Kuma yashin aka goga masa. Daga ranar ban ƙara barin wani ya rufe wannan akwatin ba sai ina tsaye.

Dalilin da ɗan soso ke da wannan girma

Inji ba fetur kaɗai yake ci ba, abin da ya fi ci iska ce. A ma'aunin nauyi, kowane kashi 1 na fetur yana buƙatar kusan kashi 14.7 na iska kafin ya ƙone sosai. Idan ka juya wannan zuwa lita, litar fetur guda tana jan iska wajen lita 9,000. Lissafa litocin da kake sha a yini, ka ga yawan iskar Ayobo da ke bi ta cikin injinka kafin magariba. Ƙurar da ke cikinta ba gari ba ce mai laushi, akasarinta ɓarɓashin yashi ne, kuma yashi ya fi ƙarfen bulok tauri. Idan ta shiga ta haɗu da baƙin mai sai ta zama abin wasa wuƙa, fistin yana hawa yana sauka yana goga ta sau dubbai a minti ɗaya.

Matata tana lalacewa ta fuska biyu, kuma alamominsu daban. Idan ta toshe, iska ta ragu, kafireta, wato inda iska ke haɗuwa da fetur kafin su shiga inji, ya riƙa zuƙo fetur fiye da kima. Sai ka ji babur ya yi nauyi, ka murɗa totur ya yi gurnani ba gudu, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, filogi in ka kwance ka same shi baƙi ƙirin da kunkunniya, tanki kuma ba ya kai ka inda ya saba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan asara ce da mutum ke ji a aljihunsa kowace yamma, balle mai biyan balas. Idan kuwa ta yage ko gefenta bai kama ba, nan ne haɗarin ya fi, domin babur ba ya kuka. Har ma ka ji kamar ya ƙara ƙarfi. Ƙura tana wucewa shiru, sai bayan watanni ka ga sakamakon.

A nan zan tsaya kan wata ɗabi'a da nake gani wajen samari a tasha: cire soson gaba ɗaya ko huda shi wai don babur ya yi wuta. Ƙarar da kake ji ba ƙarfi ba ce. An saita kafireta ne da matata a jikinsa, in ka cire ta iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan, inji ya riƙa zafi fiye da yadda aka yi shi, ga ƙasa tana shiga kai tsaye. Wanda ya ba ka wannan shawara ba shi zai saya maka fistin ba.

Fara da sanin irin taka

Kafin ka taɓa ruwa ko mai, san abin da ke hannunka, don abin da ke gyara wata shi ke kashe wata. Akwai ta soso, wadda ita ce ta fi yawa a ƙananan baburan da muke aiki da su, irin Boxer mai lamba 100. Wannan ana wanke ta, a sa mata mai, a mayar. Akwai ta takarda busasshiya mai ninki-ninki kamar fanka, wadda ba ta son ruwa ba ta son mai, kaɗe ta kawai ake yi. Sai ta uku, takarda ce ita ma amma kamfani ya riga ya jiƙa ta da wani mai mai danƙo, za ka ji shi in ka taɓa. Honda na yawan sa irinta a sababbin baburanta. Wannan ba a wanke ta, ba a hura ta, in ta cika sai sabuwa. Littafin da ya zo da babur yana faɗin irin taka da kilomitar da za a duba ta, in yana nan ka buɗe shi. Sai dai ka tuna lissafin littafi na hanya mai kyau ne, kuma shi kansa yana cewa a ƙara yawan dubawa a wuri mai ƙura ko ruwa.

Kayan aikin ba su da yawa: sukundireba da sufana daidai da notunan murfin, kananzir kamar rabin lita, omo ko sabulun wanke kwanuka, roba biyu, tsumma mai tsabta guda biyu ko uku wanda ba ya zubar da zare, farar leda, ɗan giris, da man da za ka sa. Ka zaɓi wuri mai iska, nesa da mai suya, mai shayi da mai shan taba. Ka kuma zaɓi lokaci. Iskar Legas tana da laima, soso ba ya bushewa da wuri kamar a Kano ko Sakkwato, don haka aikin dare ne bayan an tashi, ko na ranar da ba ka fita.

Buɗewa

Kafa babur a babban sitan, ka bar inji ya huce, ka rufe makullin fetur. In ba ka san inda akwatin yake ba, duba kafireta ka bi baƙar robar da ta fita ta bayansa, ita za ta kai ka. Yawanci yana bayan murfin gefe, ƙarƙashin kujera. Kafin ka kwance komai, goge jikin akwatin da bakin murfinsa, don ƙasar da ta taru a waje ita ke fara faɗawa ciki. Zuba notunan a gwangwani kada su ɓace.

Da ka ɗaga murfin kada ka yi saurin zaro soson. Kalli yadda yake zaune, wace fuska ke kallon inji, ina firam ɗinsa ya shiga, ina ragar ƙarfe take. Ɗauki hoto da wayarka. Sannan ka zaro shi a hankali, fuskar mai datti tana kallon waje, nan take ka cusa tsumma mai tsabta a bakin robar da ke tafiya kafireta.

Yanzu ga binciken da mutane da yawa ke tsallakewa, alhali shi ne ke gaya maka gaskiya. Kafin ka cusa tsumman, sa yatsa mai tsabta ka shafo cikin wannan robar. Idan ya fito fes, matatarka tana aikinta. Idan ka ji gari-gari ko ka ga jar ƙura a yatsanka, to ƙasa tana wucewa, kuma wanki kaɗai ba zai magance ba. Sai ka nemo ƙofar: ko soson ya yage, ko gefensa ya shanye ya bar rata, ko murfin ya tsage, ko robar ta tsattsage, ko zoben da ke ɗaure ta ya saki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Duba soson kansa. Ɗan ja shi kaɗan da yatsu biyu. In ya dawo yadda yake, da ransa. In yana marmashewa, ko ya yi tauri, ko inda aka liƙa shi ya buɗe, ko akwai huda ko da ta kan ashana ce, ka daina wahalar da kanka, sabo za ka saya. Zafi da laimar garin nan suna tsufar da soso ko da ba a wulaƙanta shi ba.

Wankin soso

Zuba kananzir a roba ta farko ka tsoma soson ya jiƙa. Ka riƙa danna shi a tsakanin tafukanka, ka saki, ka sake dannawa, za ka ga kananzir yana komawa kalar laka. Matsewa ake yi, ba murɗawa ba. Wanda ya murɗa soso kamar yana matse wanki ya yayyaga ƙananan ƙofofin cikinsa, ido ba zai gani ba amma ƙura za ta gani. In kananzir ya yi baƙi ƙwarai, sauya ka maimaita. Idan naka mai hawa biyu ne, mai manyan ƙofofi da mai ƙanana, raba su ka wanke kowanne daban.

Na san a gareji fetur suke ɗiba daga tankinka su wanke, don ya fi sauri. Kada ka yarda. Fetur yana cin gam ɗin da ya haɗa soson, yana busar da shi har ya fara karyewa, kuma soson da ya sha fetur in kafireta ya yi tari ya mayar da wuta baya, akwatin na iya kamawa a tsakanin ƙafafunka.

Kananzir yana narkar da tsohon mai ne, amma yashin da ya maƙale a ciki ruwa da sabulu ke fitar da shi. Sai ka koma roba ta biyu, ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan omo, ka ci gaba da dannawa. Zubar, sake sabo, har sai ka ga ƙasan robar babu yashi. Ka ɗauraye da ruwa zalla har kumfa ya ƙare tas. Naɗe shi a busasshen tsumma ka danna ya tsotse ruwan, sannan ka ajiye shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, ko gaban fanka. Kada ka ɗora shi kan salansa mai zafi, kada ka kanga shi a wuta, kada ka sa masa iskar mai faci. Kuma kada ka sa mai sai ya bushe ƙarƙaf har ciki, don mai ba ya kama wurin da ruwa ke zaune, nan zai zama hanya a buɗe.

Wannan jiran shi ke sa mutane ha'inci. Maganinsa ka mallaki soso biyu. Ɗaya yana cikin babur, ɗaya wankakke da mansa yana cikin leda a ɗaki. Ranar sauyi minti goma ta ishe ka, mai dattin kuma ka wanke shi a tsanake. A cikin duk abin da zan faɗa, wannan dabara ita ta fi sauƙaƙa mini rayuwa.

Kananzir ɗin da ka yi wanki da shi kada ka tuttula a kwata. Juye a jarka ka rufe, dattin zai kwanta, na saman ya yi maka wankin sarƙa.

Kafin soso ya bushe, koma kan akwatin. Goge cikinsa da tsumma mai ɗan damshin kananzir, daga bakin robar zuwa waje, ka bi da busasshe. Ragar ƙarfen nan a wanke ta a mayar, aikinta tare wuta in kafireta ya yi tari, ba ado ba ce. A ƙasan akwatin baburan da yawa akwai ɗan bututu mai toshi inda ruwa da mai ke taruwa, cire toshin ka tsiyaye ka mayar.

Sa mai, inda aikin yake

Soso busasshe ba matata ba ne. Ƙofofinsa sun fi ƙwayar ƙura girma nesa ba kusa ba. Man da ke liƙe a jikin zaruruwansa shi ke cafke ƙurar yayin da iska ke karkacewa tana neman hanya. Saboda haka wanda ya wanke bai sa mai ba, da ya bar shi da dattinsa ya fi masa.

Mafi kyau shi ne man da aka yi don wannan aikin, mai danƙo ne kuma mai launi don ka ga inda ya kai. Kamfanoni irin Motul suna yin sa, ana neman sa wajen manyan dilolin kayan gyara irin na kasuwar Trade Fair da ke hanyar Badagry. In bai samu ba, man giya mai lamba 80 zuwa 90 yana yi, tsofaffin littattafan Honda ma shi suke cewa a sa. In shi ma babu, sabon baƙin mai irin wanda kake zuba wa inji, 20W-50, zai riƙe ka, sai dai ya fi saurin tsiyayewa ƙasa, don haka za ka riƙa dubawa da wuri. Abin da ba a sawa ko kusa shi ne tsohon man da aka juye daga inji. Cike yake da ɓarɓashin ƙarfe, kai da hannunka za ka ɗura wa injin abin da kake gudu.

Sa soson a cikin farar leda, zuba mai kamar cokali biyu ko uku a warwatse, ka kama bakin ledar ka riƙa cuɗa shi daga waje. Ka bi kusurwa-kusurwa da gefe-gefe. Fito da shi ka duba a haske: launinsa ya zama ɗaya ko'ina, babu inda ya yi fari. Sannan ka matse rarar, ka naɗe shi a tsumma mai tsabta ka ƙara dannawa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: in ka taɓa ya bar maka maiƙo a yatsa, in ka matse kuma bai ɗiga ba, ya yi. Mai in ya yi yawa yana toshe iska kamar yadda datti ke yi, ya gangara cikin kafireta, babur ya ƙi tashi da safe ko ya riƙa hayaƙi.

Mayarwa

Shafa giris siriri a gefen da soson ke haɗuwa da akwati, zagaye guda ba yankewa. Cire tsumman da ka cusa. Na nanata: cire tsumman. Mayar da raga, sannan soso yadda hotonka ya nuna. In mai hawa biyu ne, mai manyan ƙofofi shi ke fuskantar iskar waje, mai ƙanana yana ɓangaren inji. Zagaya gefen da yatsa ka tabbata babu inda ya naɗe ko ya ɗaga. Rufe murfin, ka ɗan kama kowane noti kafin ka ɗaure su bi da bi, kada ka ƙure don roba ce, tana fashewa. Noti ɗaya in ya ɓace a nemo madadinsa yau, murfi mai noti uku a gurbin huɗu yana shan iska ta gefe.

Ta takarda kuwa ba ta da dogon zance. Zaro ta, ka bubbuga a hankali a tafin hannu fuskar dattin tana kallon ƙasa. In za ka kai wa mai faci ya hura, ya rage ƙarfin iskar, ya tsaya nesa kaɗan, ya hura daga fuskar da ke kallon inji zuwa waje. In ya hura ta ɗaya fuskar ya ƙara tura ƙurar ciki ne. Ɗaga ta ga rana: in haske ya ratso ko'ina daidai, tana da saura; in kuwa ya ƙi ratsowa, ko ka ga wani ɗigon haske mai ƙarfi alamar huda, ko ta taɓa jiƙewa da ruwa ko mai, ta gama.

Wajen sayen sabuwa ka tafi da tsohuwar a hannu, ka gwada tsawo, faɗi da kauri. Araha ba ta ado: akwai masu yanka katifa su sayar a matsayin matata. Soson katifa ko dai ya hana iska wucewa ko mai ya narkar da shi ya bi ta kafireta. Na gaske in ka kara shi a baki ka hura, iska na wucewa ba wahala. Kuma sabon soso yawanci a bushe yake zuwa, shi ma sai an sa masa mai kafin ya shiga.

Damina da ranar da babur ya sha ruwa

Daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba zuwa Oktoba, abokin gabar ba ƙura ba ce, ruwa ne. Ka san tsayin bakin da akwatinka ke shaƙar iska, ruwan da ya kusa kai nan ba na shiga ba ne, ko fasinja na rantsuwa cewa ba zurfi. In tsautsayi ya sa babur ya mutu a tsakiyar ruwa, kada ka buga kik. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in ya shiga saman fistin ka tilasta, sandar fistin na iya lanƙwashewa. Tura shi tudu, buɗe akwatin ka tsiyaye, cire matatar, kwance filogi, sannan ka buga kik sau da yawa ruwan ya fito ta ramin filogin. Tsiyaye kafireta ta notin ƙasansa. Duba baƙin mai, in ya koma kalar shayi da madara a juye shi kafin inji ya yi aiki. Haka nan wajen masu wankin babur, ka hana su saita bakin tiyo a ƙarƙashin kujera.

Sau nawa za a yi? Ni hanya nake bi, ba kalanda ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke saukowa har Legas, ina buɗe akwatin duk mako in ina aikin cikin unguwa, sau da yawa kuma nakan sauya a mako biyu. Da damina ina dubawa bayan duk ranar da na keta ruwa. Sauran lokaci ina haɗa shi da juyen baƙin mai. Mai aikin kai saƙo da ke yini a kan kwalta zai iya jinkirtawa fiye da haka.

Bayan ka rufe, buɗe makullin fetur ka tayar da babur ka bar shi a silo, wato yana aiki a tsaye ba ka murɗa totur ba. Kasa kunne kusa da akwatin da robar kafireta, in ka ji wani siririn fito, iska na shiga ta inda bai kamata ba, sake buɗewa. In a baya wani ya taɓa saitin kafireta don ya rufe matsalar toshewar, yanzu da iska ta dawo silo zai iya hawa ko ya riƙa mutuwa, sai a mayar da saitin. Yi aikin kwana biyu ko uku, sannan da safe kafin ka fita ka kwance filogi ka duba bakinsa. Kalar ƙasa-ƙasa kake nema. In har yanzu baƙi ne, ka sake matse soson, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, koma ka bi gefen akwatin da zoben robar da yatsa, akwai inda bai kama ba.